Ranar da Don Fermín Ya Kawo Mana Ayalan Har Gida

Duk wanda ya zauna a Santa Brígida, ko da na wata guda ne, ya san Don Fermín Kehoe, domin in bai je wurinsa ba, shi Don Fermín zai zo ya same shi. Bututu da injinan ban-ruwa yake sayarwa a bakin babban titi, kuma a faɗarsa babu abin da bai iya ba. Shi ya gyara agogon coci, tun ranar kuwa agogon yake buga sha biyu da ƙarfe uku. Amma babban abin taƙamarsa shi ne jinin mutanen ƙasar Ayalan. Rabin mutanen garin nan jikokin makiyayan tumakin da suka zo Ajantina daga Ayalan ne, ni ma har da ni, amma in ka ji Don Fermín yana zuba sai ka rantse jiya ya sauko daga jirgin ruwa. Alhali bai taɓa wuce Buenos Aires, babban birninmu, ba.

Shekara tara ke nan muna yin Makon Fina-finan Birtaniya da Ayalan a zauren coci, cikin watan Janairu, lokacin da zafi ke narkar da kwalta. Duk aikin sa kai ne. Basualdo mai gyaran rediyo ke kula da majigi. Doña Ethel Parfitt, jikar Turawan Ingila da suka shimfiɗa layin dogo, ita ke da teburin shayi, kuma ba ta yarda a kusance shi da ƙoƙon mate, jiƙon ganyen da mutanen nan ke sha. Ni kuwa, Nélida Furlong, tsohuwar malamar Turanci, ni ke fassara. Fina-finan da ake aro mana ba su zuwa da fassarar Sifaniyanci, saboda haka sai in zauna in rubuta ta layi-layi, ranar nunawa kuma in zauna a gefen zaure da kwamfutata ina danna maɓalli, kowane layi ya fito a ƙasan allo daidai lokacin da ɗan wasa ya buɗe baki. Fim ɗin rufe taro na bana layi dubu da ɗari da arba'in ne. Wata uku na yi a kansa, har idona ya ƙara lalacewa.

Ba don kaina na sha wannan wahala ba. Saboda Doña Honoria Geoghegan ne, mai shekara tamanin da tara. An ɗauki fim ɗin a ƙauyen da mahaifiyarta ta fito. Da ta ji labari sai ta aika wa 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, na Rosario da na Córdoba da na ko'ina, ta ce kowa ya zo. Mutum arba'in da uku, babu mai jin Turanci ko guda. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, so nake su ga inda muka fito, kuma su gane abin da ake cewa. Sau ɗaya tak." Sau ɗaya ɗin ne kuwa, domin izinin nunawa ɗaya masu fim suka ba mu, ita kuma a ƙarshen wata za ta koma gidan 'yarta a kudu, inda ba ta sa ran dawowa.

Ana saura kwana huɗu, muna zaman kwamiti, Don Fermín ya miƙe ya gyara wando.

"Jama'a, shekara tara kuna nuna wa mutane hoto a bango. Bana ni zan sa su ji Ayalan a jikinsu."

Matarsa Chela, wadda ke sayar da tikiti, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Zauna, Fermín."

"Su ji ƙamshinta, su ji sanyinta, su ji ruwanta."

"Ka taɓa jin ƙamshin nata?"

"A jinina yake, mace."

"Abin da ke jininka likita ya faɗa maka, sukari ne."

Doña Ethel ta ajiye kofi a hankali. "Don Fermín, in dai ba za ka taɓa teburina ba, ka kawo teku ma in ka ga dama."

"Teburinki na Ingila, Doña? Wa zai taɓa shi? Mun sha wuya a hannunku shekara ɗari bakwai, ba za mu ƙara da shayi mai sanyi ba."

"Amma bara burodi shida ka ci."

"Ramuwa nake."

Aka yi dariya, aka wuce maganar kujeru. Kuskurenmu ke nan. Mun ɗauka cika baki ne irin na kullum, babu wanda ya ce masa a'a da babbar murya, shi kuwa a wurinsa duk abin da ba a'a ba to i ne.

Ranar Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma za a fara. Da ƙarfe uku na iso, abin da na fara gani a ƙofar zaure tumaki ne guda uku, an ɗaura wa kowace koren ƙyalle a wuya. Don Fermín na tsaye kusa da su cikin rigar sanyi ta ulu mai kauri, a wannan zafi, gumi na zuba daga haɓarsa.

Na ce, "Waɗannan fa?"

"'Yan tarbar baƙi. A can duk inda ka juya tumaki ne."

"A nan ma duk inda ka juya tumaki ne, Fermín. Abin da ya kawo kakanninmu ke nan."

"Waɗannan na daban ne, Malama. Dubi fuskarsu."

Ban tsaya duba fuskarsu ba, na shiga. Wani wari ya tare ni. A tsakiyar zaure ga kaskon wuta, hayaƙi na tashi a hankali yana taruwa a ƙarƙashin rufi. Don Fermín ya biyo ni yana bayani, wai a Ayalan baƙar ƙasar fadama suke busarwa su hura wuta da ita, kuma ƙamshinta ne ƙamshin gida. Da yake ba mu da irinta, ya nemo abin da ya fi kusa.

Basualdo ya leƙo daga bayan majigi, hanci a toshe. "Kandilo ne, Malama. Kashin shanu. Daga garken surukinsa ya kwaso."

"Busasshe ne," in ji Don Fermín.

"Rabinsa ne busasshe."

Ni mai ciwon ƙirji ce tun ina yarinya. Kafin Basualdo ya fitar da kaskon na yi tari har na durƙusa. Da na miƙe na buɗe baki zan faɗa wa Don Fermín abin da ya dace da shi, sai na ji babu komai. Murya ta tafi, sai wata 'yar iska kamar tayar keke ta sace. Allah ya taimake shi, don abin da na shirya masa ba na faɗa a harabar coci ba ne.

Chela ta buɗe tagogi, ta buɗe ƙofar gefe don hayaƙi ya fita. Hayaƙi bai fita ba, tumaki ne suka shigo. Kai tsaye suka nufi teburin Doña Ethel. Ɗaya ta kama furanni, ɗaya ta kama gefen mayafin tebur, wanda kakar Doña Ethel ta yi wa ado da hannunta, ta fara ja da baya. Kofuna suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

"Fermín Kehoe! Cire mini dabbobinka!"

"Ki yi haƙuri, Doña, ba su saba da Turawan Ingila ba."

Ta ɗauki butar shayi ta bi shi. Ban taɓa sanin mace mai shekara saba'in da biyu tana iya gudu haka ba.

Duk da haka, da ƙarfe huɗu saura kwata an share, an kori tumaki, mutane sun cika zaure suna fifita da takardar shiri. Zuriyar Doña Honoria suka cinye layi huɗu na gaba. Ita tana tsakiya cikin baƙar riga da ɗan kunnen aurenta, babban ɗanta Ramiro na gefenta. Na zauna a teburina na gwada maɓalli, layi ya fito tsaf. Na ce a raina, to, an tsallake. Ban lura Don Fermín ba ya cikin zaure ba.

Aka kashe fitila. Fim ya fara da wani mutum yana saukowa daga motar haya cikin ruwan sama. A daidai nan sai muka ji ruwa a kan rufin kwanon zaurenmu, yaf-yaf, sannan ya ƙara ƙarfi. Mutane suka ɗaga kai. Ta taga ga rana tana ƙwallewa. Wani ya ce, "Kai, abin mamaki!" Har aka ɗan tafa. Don Fermín ya shigo yana goge hannu, ƙirji a gaba. Ashe tiyo ya shimfiɗa a kan rufin, ya huda shi wuri hamsin, ya haɗa da injin da ya fi kowane ƙarfi a shagonsa.

Kowa a Santa Brígida ya san rufin zauren nan yana yoyo a wuri guda, kusa da bangon hagu. Da damina bokiti muke sawa. Da rani kuwa, tun da babu ruwa, nan nake ajiye teburina. Ɗigo na farko a hannuna ya sauka. Kafin in janye kwamfuta, ruwan da ya taru a cikin silin ya ɓalle gaba ɗaya. Ta yi wani ɗan ƙara, ta mutu, layukana dubu da ɗari da arba'in suka bi ta.

Basualdo ya tsayar da fim, ya kunna fitila. Ɗaya kwamfutar da ke aiki da ƙaramin majigin da ke nuna fassararmu ta likita ce, likita kuwa yana hutu a bakin teku. Na san fim ɗin nan kamar tafin hannuna, da ina da murya da na fassara shi a tsaye. Na buɗe baki, iska ta fito. Na dubi Doña Honoria, ta zuba wa farin allo ido, hannuwanta a kan cinya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har hawaye suka zo mini.

Sai ga Don Fermín a gaba, makirufo a hannu.

"Jama'a, ku kwantar da hankali. Wannan ma alheri ne. Karatu a ƙasan allo na baƙi ne. Ni zan yi muku tafinta da bakina. Da Turanci kakata ta yaye ni."

Chela ta ce daga ƙofa, "Kakarka ta rasu kana wata takwas."

"Shi ya sa ya zauna daram. Basualdo, saki!"

Na ɗaga hannu biyu ina kaɗawa. Ya ɗaga mini nasa, wai yana godiya.

Ga abin da ke cikin fim ɗin. Mutumin ya dawo daga ƙasar waje ne domin mahaifinsa ya rasu, ƙanwarsa kuma, wadda ta yi jinyar tsohon ita kaɗai, tana fushi da shi. Ta tare shi a ƙofa ta ce ya makara da shekara goma sha ɗaya.

Don Fermín ya saurara, ya gyaɗa kai. "Ta ce, sannu da zuwa, masoyina, ruwa ya taɓa ka."

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da abin cewa.

"Ya ce, na kawo miki tsaraba, tana cikin jaka."

Matar ta juya masa baya.

"Kunya take ji. Haka matanmu suke a can."

Jikokin Doña Honoria mata suka ce, "Ayya!" Shi kuwa da ya ji an karɓa, sai ya saki jiki. In ɗan wasa ya faɗi kalma biyu, Don Fermín ya faɗi ashirin. In an yi shiru a fim, shi bai yi ba, sai ya gaya mana abin da suke tunani. Wani tsoho ya tambayi mutumin ko zai sayar da gonar ubansa, Don Fermín ya ce waliyyin amarya ne yana tambayar sana'ar ango. Ango kuma, ta bakin Don Fermín, ya amsa cewa injinan ban-ruwa yake sayarwa, sana'ar mutanen kirki.

Basualdo ya ce, "A Ayalan? Inda ruwa ba ya ɗaukewa?"

"Shi ya sa ya je ƙasar waje. Ka bar katse ni."

Aka nuno gida cike da mutane, ana zuba giya, ana yanka burodi, wani na ba da labari ana ƙyalƙyala dariya, wata tsohuwa na rera waƙa. Haka suke zaman makoki a can, kakannina ma haka suke yi. Don Fermín ya buɗe hannu.

"Ga biki ya kankama! Ku duba yadda muke aure a gida. Ba irin naku na nan ba, a gasa saniya a watse."

Matasan layin gaba suka fara tafi suna bin waƙar. Sai hoto ya juya a hankali zuwa ɗakin ciki. Ga kyandir biyu, ga akwatin gawa a buɗe, ga tsoho kwance cikin baƙar kwat, an harɗe masa hannuwa a ƙirji.

Tafi ya tsaya. Don Fermín ya dubi allo, ya dubi jama'a, ya share gumi da hannun rigar ulunsa.

"Wannan... uban amarya ne. Ya ɗan sha da yawa, aka kwantar da shi."

Ramiro ya ce, "A cikin akwati?"

"Gidajen can ƙanana ne, babu wurin gado."

"Da kyandir?"

"An ɗauke wuta."

Wata daga baya ta ce, "To me ya sa amaryar take kuka tana sumbatar goshinsa?"

"Murna ce! Ke ba ki yi kuka ranar naki ba?"

A allo, maza huɗu suka ɗauko murfi suka rufe akwatin, ɗaya ya fara ɗaure kusoshi.

Chela ta ce, "To, Fermín, yanzu kuma sauro suke kare masa?"

Zaure ya fashe. Har Doña Ethel, da ke riƙe da hannun kofin da ya rage mata, sai da ta dafa bango. Mutane na dariya suna share hawaye, Don Fermín na ta cewa a saurara, akwai al'adun da sai ɗan ƙasa ke ganewa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Doña Honoria ta buga sandarta a ƙasa sau uku. Basualdo ya tsayar da fim ba tare da an ce masa ba. Ta dafa kafaɗar Ramiro ta miƙe, ta juya ta fuskanci Don Fermín, ta yi masa magana da Turanci. Ba irin nawa na littafi ba, irin na mutanen cikin fim ɗin, mai lanƙwasa a ƙarshe. Jimla guda ce, tambayarsa ta yi ko ya san sunan ƙauyen da kakansa ya fito.

Don Fermín ya yi murmushi, ya juyo wurin jama'a. "Doña ta ce... ta ce aikina yana kyau."

Ta koma Sifaniyanci. "Na ce kai ɗan wane ƙauye ne, Fermín. Ko wannan ba ka ji ba."

Ya dubi Chela, Chela ta dubi silin.

Ramiro na kallon uwarsa baki sake. "Mama, dama kina jin Turanci haka?"

"Da wa zan yi? Tun da yayata ta rasu, shekara talatin da ɗaya, ban sami abokin yi ba. Ku kuma ban koya muku ba, don a makaranta dariya ake mana. Laifina ne." Ta koma ta zauna. "Basualdo, ɗana, mayar da shi farko. Kai kuma kawo abin maganar nan."

Don Fermín ya miƙa mata makirufo. Ta karɓa, abin ya yi mata nauyi, ya zame kan cinyarta.

"Riƙe mini," ta ce. "Nan, kusa da bakina. Kuma kada in ji numfashinka."

Babu kujera a wurin, dole ya durƙusa a gabanta a kan siminti, gefe guda don kada ya tare allo. Aka sake farawa. Da farko tana laluben kalmomi, tana makara, wani lokaci ta ce, "Ku dakata, wannan na san shi," sai ya zo mata. Can sai harshe ya sake. Ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba. Da ƙanwar ta ce ya makara da shekara goma sha ɗaya, haka ta faɗa.

Wajen tsakiya akwai inda mutumin ke tuna yarintarsa. Uwarsu ta fito ƙofar gida da tsumma a kafaɗa, ta ƙwala wa yara kira daga gona. A rubutuna layi na ɗari shida da wani abu ne, ban ɗauke shi komai ba. Nan Doña Honoria ta tsaya da fassara. Matar ta sake kira. Sai muka ji tsohuwa ta amsa mata da Turanci, a hankali, ta cikin lasifika.

Ramiro ya sunkuya. "Mama, me matar ta ce?"

"Ta ce ku shigo, abinci zai huce." Ta juyo ta dube shi. "Haka uwata take kiranmu. Da wannan muryar, da waɗannan kalmomin."

"Ke kuma me kika ce mata?"

"Na ce ga ni nan zuwa."

Wata jikarta ta kama hannunta, na bayan suka matso da kujeru. Ramiro, mai shekara sittin da shida, ya nemi ta maimaita masa kalmomin, ya gwada faɗa, ya karkace su, ta gyara masa. Na ji daɗi a ranar fiye da duk shekara taran da na yi ina danna maɓalli, ko da yake har gobe ban yafe kwamfutata ba.

Saura minti hamsin fim ya ƙare, ita kuwa ba ta sake tsayawa ba. Don Fermín na durƙushe cikin rigar ulu, gumi ya jiƙa shi sharkaf, hannunsa ya gaji. Ya sauya hannu, ya tallafe gwiwar hannun da ɗayan, amma bai bar makirufon ya matsa daga bakinta ba. Da aka zo wurin binne tsohon, na ga kafaɗunsa suna motsi, kuka yake. Chela ta taso daga ƙofa, ta zo ta tsaya a bayansa, ta zaro hankici ta share masa fuska, domin hannuwansa biyu duk suna aiki.